Tiyon da Bai Haɗa Komai Ba

Malam, in ka sami sarari wata rana, durƙusa kusa da tsohon babur ka leƙa ƙarƙashin tanki. Ba sai ka taɓa komai ba. Ƙirga tiyo kawai. A jikin kafireto za ka ga uku, wani ma huɗu. Ɗaya ya sauko daga tanki ya shiga inda ya kamata, kowa ya san mai yake kawowa. Sauran kuwa sun fito, sun zagaya bayan inji, sun yi ƙasa, sun ƙare a iska. Bakinsu a buɗe. Ba su haɗa komai da komai ba. Suna nan suna reto gaban tayar baya, sun yi furu-furu da ƙura.

Ɗan Adam ba ya jure ganin baki a buɗe. Duk wanda ya fara lura da tiyon nan, abin da ke zuwa ransa shi ne wani abu ya ɓalle. Sai ya shiga laluben inda zai soka shi. In bai samu ba, ya ƙulle. In ƙullin ya ƙi, ya cusa ƙusa, ko tsinken tsintsiya, ko tsohon noti. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya yi gyara. Waɗanda suka ƙera abin a Japan sun zauna sun auna tsawon tiyon, sun zana hanyar da zai bi, sun bar bakinsa a buɗe da gangan. A nan kuma da kyakkyawar niyya ake toshe shi, kuma kyauta.

Wurin kallon wannan sha'ani shi ne Bompai, da sassafe ko lokacin da 'yan aikin rana ke miƙa wa na dare. Bi titin Maimalari ko titin Independence. Jikin katangar duk masana'antar da ke da sauran numfashi za ka ga babura a kafe, layi guda, maigadi na kan benci yana kallon su da ido ɗaya. Daga Dakata suka zo, da Kawaji, da Gama, da Tudun Murtala, da 'Yankaba. Akwai Jincheng mai hayaƙi, ƙirar Suzuki AX100 da aka sake haifa a birnin Nanjing na ƙasar Sin. Akwai jikokin Honda CG125 masu sunaye barkatai. Akwai Boxer ɗan Indiya. Can ƙarshen layi ga roba-robar akawu, ita kaɗai aka lulluɓe da kwali saboda rana.

Bompai ta girmi Sharaɗa da Challawa. Tun zamanin dalar gyaɗa injuna ke kuka a nan. Yau ƙofofi da yawa sun yi tsatsa, wasu gine-ginen sun koma sito, amma masu roba da leda da takalma suna nan suna fama. Baburan ma'aikatansu kuwa da yawa tsofaffin 'yan acaɓa ne. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni. Adaidaita Sahu ta gaje titi. Baburan ba su ɓace ba, hannu suka sauya. Wanda ya gama wahalar fasinja ya koma kai lebura aiki, da ɗaukar burodi, da jakunkunan fiya-wata. Irin wannan babur an kwance kafiretonsa sau ba adadi, kuma ba hannu ɗaya ne ya kwance ba.

Shi kansa kafireto ba wani abin mamaki ba ne. Bututu ne mai ƙuntataccen maƙogwaro, da ɗan kofi a gindinsa. Fistin ya yi ƙasa ya zuƙo iska. Iska ta iso maƙogwaro, hanya ta matse, ta ƙara gudu. Iskar da ke gudu kuwa danninta raguwa yake yi. Wani mutumin Italiya, Venturi, ya rubuta wannan tun 1797. A 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya yi kafireto mai kofi da feshi a kan wannan hanya. Abin da kamfanonin Keihin da Mikuni suka riƙa ɗaura wa baburan Japan ɗan gidan nan ne, haka na Sin da ake kwaikwayo yanzu. A tsakiyar maƙogwaron akwai ɗan rami da ya gangara cikin kofi. Ta nan mai ke hawowa ya tarwatse.

To wa ke turo shi sama? Babu famfo a wurin, babu ruwan batir. Iskar Allah ce. Wannan da ke kanmu yanzu tana danna duk fili mai faɗin farcen yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya. Mun saba ne ba ma ji. Ita ce ke danna saman man da ke cikin kofi, shi kuma ya nemi inda danni ya yi sauƙi, ya hau maƙogwaro. Kofin a rufe yake ruf, da gaskit da sukuru. Ƙofa ɗaya aka bar wa iskar, ɗan hanci a gefen kafireto. Tiyon numfashi ke nan, wanda aka cusa wa tsinken tsintsiya.

Mai shayin bakin kamfani ya san wannan karatun bai shiga aji ba. In zai fasa gwangwanin madara, huji biyu yake yi. Ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Sa yatsa ka toshe na biyun, za ka ga madarar ta fara gardama, ɗis, ɗis, ta tsaya. Shekara da shekaru yana wannan, ba wanda ya taɓa ce masa hujin na biyu ɓarna ne. Da gindin cokali yake yin sa.

In ka bi lissafi ma, babur iska yake sha, mai ɗan taɓawa ne. Injin fetur yana son iska kilo 14.7 a kan kowane kilo ɗaya na mai. Wato litar nan da ka saya da ƙyar sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000 kafin ta gama ƙonewa. Lita ɗayar ake wa layi, ita ake wa faɗa da mai famfo a gidan mai. Dubu taran suna shigowa ba rasit. A Bompai sukan zo da ƙurar tirela, da ƙaurin narkakkiyar roba, da baƙin hayaƙin janaretan kamfani.

Tiyo na biyu daga gindin kofi yake fita. A cikin kofin akwai fulot, abu mara nauyi da ke iyo a kan mai, da 'yar allura a jikinsa. Mai ya cika, fulot ya taso, allura ta rufe ƙofa. Inji ya sha, fulot ya sauka, allura ta buɗe. Kan allurar 'yar roba ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta zauna a wurin, ƙofa ba za ta rufu ba, mai zai yi ta zuwa. Saboda ranar nan aka kafa siririn bututun tagulla a tsaye cikin kofin, bakinsa ɗan sama da inda mai ya kamata ya tsaya. Duk man da ya wuce iyaka ya faɗa ciki, ya bi tiyo, ya zuba ƙasa. Shi ne kanikawa ke ce wa obafulo. Ta wannan tiyon kuma ake zubar da ruwa da dattin da suka kwanta, in an sassauta ɗan sukurun gindi.

Mai babur ya fito sallar la'asar ya ga mai na ɗiga. Laifin yana can sama wajen allura, amma tiyo ne a gabansa, tiyon yake kamawa. Ya lanƙwasa shi ya ɗaure da waya. Ɗiga ta tsaya, hankali ya kwanta. Man kuwa bai daina zuwa ba. Yana cika kofi, ya haura maƙogwaro, ya gangara cikin silinda da dare ana barci. Daga nan ya sulale ta gefen ringi ya sauka cikin baƙin mai. Da safe a yi ta buga kik har gumi ya keto, fulogi jiƙe sharkaf. In Jincheng ne, ranar da ya yarda ya tashi sai ya rufe layin da hayaƙi. In mai baƙin mai a ƙasa ne, mai shi ya zaro geji ya ga man ya ƙaru a kan yadda ya zuba. Har yabo yake yi, wai injinsa ba ya shan baƙin mai. Man ya tsinke, yana warin fetur.

Akwai wani bakanike ƙarƙashin darbejiya a hanyar Dakata, dattijo, ba ya son yawan magana. Wata safiya wani ma'aikaci ya turo masa Jincheng, rigarsa ta jiƙe.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu Malam. Me ya same shi?"

"Wallahi tun shekaranjiya. Ya tashi lafiya. Da na ɗan ja sai ya riƙa shaƙewa, ya mutu. In ya huta ya sake tashi."

"Wa ya taɓa shi?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Baba."

Dattijon bai tanka ba. Wannan amsar ya fi jin ta fiye da sallama. Ya durƙusa ya leƙa. Tiyo ɗaya ne, ya fito daga hancin gefe, ya yi lanƙwasa mai kyau, ya koma ya shiga hancin gindi. An ɗaure bakin biyu da wayar tagulla, an murɗe ta tsaf, an datse saura. Aikin mai tsafta ne. An dai rufe wa kofin duk ƙofofinsa biyu da tiyo guda.

"Wannan fa?"

"Au. Ƙanena ne ya wanke shi ranar Juma'a. Ya ce ya ga ya cire, ya mayar."

Dattijon ya zare baki ɗaya. Wata 'yar iska ta fita, fis, mai ya biyo ta. Ya ɗauko reza ya raba tiyon biyu, ya sa kowane a hancinsa, ya bi da su bayan inji zuwa ƙasa. Kik ɗaya babur ya ɗauka.

"Nawa ne, Baba?"

"Kawo abin da ya sauwaƙa."

Mutumin ya tsaya yana juya kuɗi a hannu, fuskarsa ba walwala. Tun daga Kawaji ya turo babur. Ya riga ya shirya wa sabon kafireto, har ya ranto kuɗin. Gyaran minti biyu da reza bai yi daidai da guminsa ba.

"Ba za a ɗan wanke kafireton ba?"

Dattijon ya dube shi, ya juya wajen yaronsa. "Kai, kwance masa ka wanke." Yaro ya kwance kafireto mai tsafta, ya wanke shi a gindin gwangwani, ya hura kowane rami da baki, ya tofar, ya mayar. Aka ci rabin awa. Mutumin ya biya da fara'a, ya ƙara wa yaron na shayi.

Ba za a ga laifin mai toshe obafulo sosai ba in aka tuna farashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tun daga nan ɗigon mai a ƙasa ya daina zama ƙazanta, ya koma asara. Wasu ba sa toshewa, dabara suke yi. Za ka ga 'yar kwalbar maganin tari an rataye ta da zare a ƙarƙashin inji, bakin tiyo a ciki. Da yamma mai shi ya kwance ta ya juye a tanki. Tare da man, ya mayar da yashin da ya fito.

Tsadar ta kuma ƙara dattin da kanta. Makunnin mai na tsohon babur yana da matsayi uku: buɗe, rufe, da rizab. A buɗe, man sama yake ja ta wani ɗan dogon bututu. A rizab, daga ƙasan tanki yake kwasa, inda ruwa da tsatsa da yashi ke kwanciya. Da, rizab na ranar tsautsayi ne. Yanzu akwai baburan da makunninsu ya ƙage a can, don tankin bai sake ganin lita biyu a haɗe ba. Tankin da kullum iska ce a cikinsa kuwa yana yin raɓa ta ciki, ya yi tsatsa. Ƙara da rabin kwalbar ɗan bumburutu, wadda ta bi ta jarka da mazurari ba ko ƙyallen tacewa. Duk wannan yana gangarowa wajen robar nan da ba ta kai shinkafa ba.

A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya fito ya ce an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Aka yi ta layi, motoci suka lalace, majalisa ta zauna. Metanol yana cin roba da ƙarfe mai laushi, kafireto kuwa da su aka yi shi. Wancan gurɓataccen man ya sami suna da shafin jarida. Wanda ake tsiyaya a kwalba a bakin titi ba ya zuwa da sanarwa, launinsa dai wani lokaci ya fi na jiya duhu.

Tsofaffin mahaya suna da wata ɗabi'a. Da sun kafe babur, hannun hagu ya gangara ya rufe mai, ba tare da sun duba ba. Ko allura ta ƙi rufuwa, abin da zai zuba bai wuce cikin kofi ba. In obafulo ya kama su a hanya, su rufe mai, su bar inji ya shanye na kofi, su ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar sukundireba, su buɗe. Sau da yawa man da ya shigo da ƙarfi ya wanke yashin. A layin baburan Bompai kana iya raba tsoho da yaro ba ka ga fuskarsu ba. Dubi inda makunni ke kallo.

Saura hanya. Barin baki a buɗe rabin aiki ne, ɗayan rabin inda aka ajiye bakin. Tiyon obafulo gangara yake so, ba hawa. In ya yi ƙasa ya sake ɗagowa, mai ya kwanta a lanƙwasar ya toshe kansa. In ya yi gajere, ya ɗiga a kan inji ko salansa mai zafi, ga mai shayi da wutarsa a gefe, ga mai sigari. In ya karkata ya ɗiga a gaban taya, ka sami santsi a kwana. In ya kusanci sarƙa, ta cinye shi. A bayan inji, jikin ƙarfen babur, akwai wani ɗan zoben waya da aka yi domin tiyon nan su ratsa ta ciki su tsaya wuri ɗaya. A yawancin tsofaffin babura zoben yana nan, ba komai a cikinsa. Wani tsumman goge sit yake saƙalawa.

Tiyon numfashi shi ma yana da abokan gaba, kowane da lokacinsa. A watan Agusta titunan cikin Bompai sukan cika, ramukan da tireloli suka haƙa su ɓace ƙarƙashin ruwa mai launi da ke neman hanyar rafin Getsi. Babur ya shiga, a tsakiya ya mutu. Kowa a bakin titi ya ce fulogi ya sha ruwa. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma fulogi a bushe yake, bakin tiyo ne ya nutse, numfashin kofi ya ɗauke. Masu tseren babur a daji a ƙasashen Turai sukan raba tiyon nan gida biyu, reshe ɗaya ƙasa, ɗaya sama ƙarƙashin sit, don in ɗaya ya nutse ɗaya ya yi aiki. Sukan kuma yanke bakin a karkace, don kada ɗigon ruwa ya rufe shi. Namu a miƙe ake yankewa, da haƙori in reza ta yi nisa.

Da hunturu ƙura ce. Bakin tiyo yana da danshin mai, ƙura ta manne, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta zama taɓo ta bushe. Sai kuma zanzaro. Kamfani ya rufe mako biyu saboda rashin kaya, ko mutum ya tafi garinsu hutun Sallah ya bar babur a zaure. Zanzaro ya zo ya ga rami mai inuwa, daidai jikinsa. Ya ajiye tsutsa a ciki, ya yaɓe bakin da laka, ya shafe sumul. Mai babur ya dawo ya canza fulogi, ya canza kwayil, ya zargi yaran gida. Gwajin kuwa ba ya cin ko sisi. Cire tiyon ka hura. In kumatunka sun kumbura, ka sami ɓarawon.

Iskar da ake nema ma tana iya yin yawa. In bakin tiyon ya leƙo gefe yana fuskantar gaba, gudu ya sa iska ta riƙa bugun sa, dannin cikin kofi ya riƙa hawa da sauka. A lungu babur lafiya lau. A titin Haɗeja, da an murɗa totur, sai ya fara tuntuɓe. Mai shi ya rantse man gidan mai kaza ne ba kyau, ya ƙaurace musu. Shi ya sa aka ɓoye bakin a bayan inji, inda iska ke kwance.

Tanki ma yana numfashi, ta wani ɗan huji a murfinsa da ba kowa ya san da shi ba. Wanda murfinsa ke fesar da mai a gargada sai ya shimfiɗa leda ya danne da murfin. Ya yi tafiya kaɗan, mai ya sauka, iska ba ta maye gurbi ba, man ya tsaya. Babur ya mutu. Ya sauka ya buɗe tanki don ya ga ko mai ya ƙare, murfin ya yi tsaki, iska ta shiga. Ya ga akwai mai, ya rufe, ya buga, ya tashi. Gaba kaɗan a sake. Akwai wanda ya ce baburinsa so yake a riƙa duba shi. Kullum da sabuwar leda yake fita.

Kada kuma ka tashi daga nan ka je ka buɗe duk abin da ka gani. Akwai tiyon da barinsa a buɗe shi ne cutar. Wasu roba-roba ba su da makunnin hannu, inji ne ke buɗe wa kansa mai ta wani siririn tiyo da ke zuƙa daga bayan kafireto. Wannan in ya tsage, mai ba zai sauko ba, kuma iskar da ba a auna ba za ta shiga inji. A Jincheng akwai tiyon da ke kawo man tu-ti daga famfonsa. Kanikawa da yawa sukan cire famfon su ce a riƙa haɗa man a tanki. In an bar hancin a buɗe, inji ya riƙa satar iska, ya yi zafi, fistin ya kama. Ga kuma tiyon numfashin inji, ga na batir, wanda in ya ɓata ruwan batir ke ɗiga a kan sarƙa ya cinye ta. Duk baƙaƙe ne, kaurinsu kusan ɗaya, ba wanda aka rubuta wa suna.

Shi kansa tiyon abin kallo ne. Kano gari ne na roba. Buta, bokiti, silifa, kujera, leda, duk ana narka su a Bompai da Sharaɗa. Amma tiyon da fetur ba ya ci, yawanci daga ƙetare yake zuwa. Na asali baƙi ne, mai laushi, yakan daɗe. Ranar da ya tsage, abin da ke kusa ake sawa. Tiyon ƙarin ruwa na kemis. Tiyon lebur na magina. An fi son mai garai-garai, don ana ganin mai na tafiya a ciki, rai ya yi daɗi. Bayan 'yan watanni ya koma ruwan ɗorawa, ya ƙage, ya tsage daidai bakin hanci. 'Yan maƙalan ƙarfe da ke riƙe shi kuwa tun wankin farko suka faɗa cikin yashin gareji. Magajinsu wayar tsohon kwayil ce.

Kafin Honda ta fitar da CG125 a 1975, ta tura injiniyoyi ƙasashe masu tasowa su ga yadda ake riƙe babur. Suka ga ana ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, ba a canza baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa wajen gyara sai ya tsaya. Suka koma suka yi inji mai haƙuri, da matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. Sun yi tanadin sakaci, kuma tanadin ya yi aiki, ga jikokinsa nan a jikin katanga. Abin da ba su yi wa tanadi ba shi ne taimako. Littafin gyaransu yana da shafi guda na zanen inda kowane tiyo zai bi. Babur kuwa a kwali yake isowa, yara su haɗa shi a bakin kasuwa. Ɗan littafin da ke cikin leda ba ya kai mako. Ilimin daga oga yake zuwa wajen yaro, rabi da baki, rabi da ranƙwashi.

A wasu wurare zancen nan ya zama tarihi. Tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta tura yawancin sababbin baburansu ga feshin mai na kwamfuta, mai famfo a cikin tanki. Waɗanda suke loda wa jirgi zuwa Afirka kuwa har yanzu yawancinsu da kafireto suke zuwa. Akwai dalili. Na kwamfuta yana son batir mai rai, da mai tatacce, da na'urar da za ta faɗi ciwonsa. Ba a hura shi da baki a ƙarƙashin darbejiya. Don haka 'yan tiyon nan suna da sauran zama tare da mu, su da masu taimakonsu.

In za ka sayi tsohon babur, bar dillali ya yi ta yabon inji. Zai tashe shi ya murɗa totur har unguwa ta amsa. Zai nuna maka sabon fenti, da taya mai sauran zane, da takardu a leda. Kai dai buɗe mai, ka bar shi a buɗe, ka ja shi da hirar farashi ta minti goma. Sannan ka kai hannu bayan inji ka bi tiyon da yatsa har bakinsa. Ka ji ko akwai ƙulli, ko kan ƙusa, ko sabon yanka. Ka zaro geji ka shinshina. Sai ka duba inda aka kafe baburin. Dillalin da ya san kayansa ba ya kafe tsohon babur a kan siminti. Yashi yake nema, kuma ƙafarsa na kusa da wurin.